Asali da Bunƙasar Wasan Gicciyen Kalmomi

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a dubi tarihin wasan gicciyen kalmomi, wato wasa ƙwaƙwalwar nan da ake bugawa a jaridu, inda ake zana gurabe a jere, a kawo tambayoyi, mai wasa ya cike kowane gurbi da harafi har amsoshin da ke kwance su gitta waɗanda ke tsaye. Za a bi wasan tun daga mafarinsa, sannan a nuna yadda ya riƙa sauya kama a duk harshen da ya shiga, domin a gano abin da ya mai da shi hanyar koyon ma'anar kalmomi.

2.1 Mafarin Wasan

Jera kalmomi su karantu a kwance da tsaye daɗaɗɗen abu ne. A kufan Fomfe, birnin Rumawa da aman wutar dutse ya binne a shekarar 79 Miladiyya, an sami wani zane mai kama da hatimi, ɗauke da kalmomin Latin biyar masu haruffa biyar-biyar. Sai dai babu wata tambaya tare da shi. A shekarar 1890 wani mutumin Italiya, Giuseppe Airoldi, ya buga wasa mai gurabe huɗu a kwance, huɗu a tsaye, tare da tambayoyi, amma bai yaɗu ba.

Wanda aka fi dangantawa da ƙirƙiro wasan shi ne Arthur Wynne, haifaffen Libaful ta Ingila da ya yi ƙaura zuwa Amurka. Ranar 21 ga Disamba, 1913, ya buga wasan farko a shafin nishaɗi na jaridar New York World, ya kira shi Word-Cross, daga baya aka juya sunan ya koma Cross-Word. Abin lura shi ne tun a wannan fitowa akwai tambayoyin da sai an buɗe littafi. Ɗaya ta nemi sunan wani kogi a Rasha, amsarta Neva. Wata kuma ta nemi sunan zaren wata bishiyar Asiya dangin giginya, wadda ake kira gomuti. Ke nan baƙuwar kalma da wasan tare aka haife su.

2.2 Bunƙasa da Suka

A shekarar 1924 Richard Simon da Max Schuster suka buga littafin farko na waɗannan wasanni, kowane kwafi da fensirinsa. Littafin ya sami karɓuwa ƙwarai, wasan ya game Amurka, har ɗakunan karatu suka riƙa kokawa kan yadda masu wasan ke kankane ƙamusoshi, su hana masu nazari amfani da su. Jaridar New York Times ta soki wasan a wannan shekara, tana ganin ɓata lokaci ne, amma ita ma ta fara buga shi a Fabrairun 1942, ta ɗora Margaret Farrar a kan shafin.

A Ingila kuwa, jaridar The Times ta fara a shekarar 1930. Kafin nan, tun 1926, Edward Powys Mathers ya riƙa tsara wa jaridar The Observer wani sabon salo mai kama da kacici-kacici, inda tambaya kan faɗi abu a zahiri, alhali wani ake nufi. Shi Mathers mafassari ne, domin shi ya juya Dare Dubu da Ɗaya daga Faransanci zuwa Ingilishi.

2.3 Shigar Wasan Cikin Harsuna

Da wasan ya tsallaka zuwa wasu ƙasashe, suna ne matsala ta farko. Faransawa da Larabawa sun fassara ma'anar da kalmominsu. Marubucin nan Vladimir Nabokov, wanda ya tsara wa jaridar 'yan gudun hijirar Rasha da ke Balin irin waɗannan wasanni a shekarun 1920, ya ƙirƙiro suna daga kalmomin Rashanci, amma ararriyar kalma daga Ingilishi ce ta zauna a bakin jama'a.

Matsala ta biyu ta fi girma: mene ne zai shiga gurbi ɗaya? Kowane harshe ya amsa gwargwadon tsarin rubutunsa. Faransawa suna watsar da alamomin da ke kan wasula. Jamusawa sukan warware wasali mai ɗigo biyu ya zama haruffa biyu. Mutanen Welas suna sa tagwayen baƙaƙe irin su ll da dd a gurbi guda, tun da harafi ɗaya suka ɗauke su. A Japananci gurbi yakan ɗauki gaɓa ce sukutum. A Larabci ana cikewa daga dama zuwa hagu, kuma ba a sa wasali, don haka kaf da ta da ba suna iya karantuwa kataba, wato ya rubuta, ko kutub, wato littattafai.

Wanda zai tsara wasan da Hausa ma sai ya yanke irin wannan hukunci. Shin sh da ts gurbi ɗaya za su ci ko biyu? Kalmar 'ya'ya fa, wadda a Nijar ake rubutawa da ƴ? Haka nan dole a bambanta k da ƙ, b da ɓ, d da ɗ, in ba haka ba kafa ta gitta ƙafa a wuri guda, wasan ya lalace.

2.4 Wasan a Matsayin Hanyar Koyon Ma'ana

Abubuwa uku ne suka ba wasan wannan matsayi. Na farko, mai amfani da ƙamus yakan tashi daga kalma ya nemi ma'ana, shi kuwa mai wasan daga ma'ana yake tashi ya nemo kalma, kuma abin da mutum ya sha wahalar nemowa ya fi zama a zuciya. Na biyu, haruffan da suka gitta suna tabbatar da amsa ko su ƙaryata ta, don haka mai koyo yana gyara kuskurensa ba tare da malami ba. Na uku, masu tsara wasan da Ingilishi suna bukatar gajerun kalmomi masu yawan wasula domin su rufe gurabe, wannan ya sa suka riƙa aro daga maƙwabta. Ta haka Ba'amurken da bai taɓa shiga ajin Faransanci ba ya san ami aboki ne, eau ruwa, ya kuma san oro zinariya ce a Sifaniyanci.

Bugu da ƙari, wasan yana fito da kalmomin da rubutunsu ɗaya ne, ma'ana daban. Tun da rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, gurabe huɗu za su ɗauki gari, ko na zama ko na tuwo. Kuka, ko bishiya ko hawaye. Tambaya ce kawai za ta raba gardama.

Duk da haka, wasan yana da iyaka. Kalma yake koyarwa a tsinke, ba ya nuna jinsinta, furucinta, ko inda ta dace a jimla. Mutum zai iya haddace ɗaruruwan kalmomin wani harshe ta wannan hanya, ya kasa gaisawa da masu shi.

2.5 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda wasan ya faro a 1913, ya bunƙasa daga 1924, da kuma yadda ya tilasta wa kowane harshe ya sake duban haruffansa. An kuma ga amfaninsa da iyakarsa wajen koyon ma'ana. A babi na gaba za a dubi ƙa'idojin da suka dace a bi wajen tsara shi da Hausa.