Daga Akwatin Pressey Zuwa Wayar Malam: Tarihin Auna Fahimtar Ɗalibai da Na'ura

Duk malamin da aka miƙa wa kwamfutar hannu aka ce daga yau da ita zai riƙa yi wa ɗalibai gwaji, tambaya ɗaya ce ke fara zuwa masa: wannan abu sauƙi zai kawo mini, ko ƙarin aiki? Tambayar ta girmi intanet, ta ma girmi kwamfutar kanta. Shekara ɗari kenan ana ƙera na'urorin da za su taya malami duba takardu da koyarwa, kuma da yawansu a sito suka ƙare. Bari mu bi tarihin, mu ga abin da ya raba waɗanda suka yi amfani da waɗanda ƙura ta rufe.

Takarda ɗaya, maki iri-iri

A shekarar 1912 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, Daniel Starch da Edward Elliott, suka kwafi amsoshin da ɗalibai biyu suka rubuta a jarrabawar Turanci, suka aika wa makarantun sakandare domin malamai su ba da maki. Malamai 142 ne aka yi lissafi da makinsu. Ɗaya daga cikin takardun, wani ya ba ta 50 cikin ɗari, wani ya ba ta 97. Ka ga kenan yaro ɗaya ya faɗi a hannun wannan malami, ya yi fice a hannun wancan.

Irin wannan ne ya sa Frederick Kelly, wani masanin ilimi a jihar Kansas, ya fito da gwajin karatu a 1915 wanda tambayoyinsa ke zuwa da amsoshi a jere, ɗalibi ya zaɓi ɗaya. Shi ne abin da muke kira canki-canka. Ko wa ya duba takardar, makin ba zai canza ba. To, da zarar duba takarda ya koma ƙirga daidai da kuskure, ai na'ura ma za ta iya.

Akwatin da ke ba da alewa

Wanda ya fara gwadawa shi ne Sidney Pressey, malamin nazarin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Jihar Ohio. A ƙarshen 1924 ya nuna wa takwarorinsa wani akwati da ya haɗa da sassan tafireta. Akwai 'yar taga da tambaya ke bayyana, da maɓallai huɗu na amsa. Idan gwaji ake yi, akwatin na ƙirga amsoshin da aka ci. Idan kuma aka juya wani ƙarfe, sai ya koma na koyarwa: ba zai wuce zuwa tambaya ta gaba ba sai ɗalibi ya danna amsar da ta dace. Har wani sashe ya yi masa da ke sako alewa idan yaro ya kai wani adadi.

Burin Pressey shi ne a sauke wa malami nauyin duba takardu domin ya samu lokacin zama da ɗalibansa. Amma akwatin ya shiga kasuwa daidai lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe a 1929. Makarantun da ke fama da biyan albashi ba za su sayi na'urar rage wa malamai aiki ba. A 1932 Pressey ya bayyana cewa ya haƙura.

A daidai waɗannan shekaru, wani malamin kimiyya na sakandare a garin Ironwood na jihar Michigan, Reynold Johnson, ya bi wata hanyar. Ya san baƙin da ke cikin fensir yana ɗaukar lantarki. Saboda haka idan ɗalibi ya shafe gurbin amsa da fensir, aka ɗora wayoyi biyu a wurin, lantarki zai ratsa. Gwargwadon yawan guraben da aka shafe daidai, gwargwadon ƙarfin lantarkin da allurar awo za ta nuna. Kamfanin IBM ya sayi dabarar a 1934, ya ɗauki Johnson aiki, kuma a 1938 na'urar IBM 805 ta shiga kasuwa. A shekarun 1950 E. F. Lindquist na Jami'ar Iowa ya ƙera wadda ke karanta takarda da haske. Takardar da ɗaliban WAEC da NECO ke shafewa da fensir HB jikar waɗannan na'urori ce.

Mai karatu zai lura da wani abu. Na'urar Johnson ta karɓu domin hukumomin jarrabawa masu dubban takardu ne ke buƙatarta, ba ta nemi malamin aji ya canza komai ba. Ta Pressey kuwa cikin aji za ta zauna, sai malami ya sake tsarin darasinsa kafin ta yi amfani.

Skinner da zamanin kwamfuta

Ranar 11 ga Nuwamba 1953, B. F. Skinner na Jami'ar Harvard ya ziyarci ajin lissafi na 'yarsa a firamare. Abu biyu suka dame shi. Na farko, duk yaran aiki ɗaya suke yi a lokaci ɗaya, wasu sun gama suna zaman banza, wasu sun kasa ko farawa. Na biyu, yaro ba zai san ko ya yi daidai ba sai gobe ko jibi, bayan abin ya huce. Sai ya ƙera tasa na'urar, wadda ke yanka darasi ƙanana-ƙanana: ɗalibi ya rubuta amsa, ya murɗa, nan take ya ga amsar gaskiya. A farkon shekarun 1960 har gida-gida ake bi ana tallar irin waɗannan na'urori a Amurka. Kafin ƙarshen shekarun sun ɓace. Rubuta darasi mai kyau domin su aiki ne mai cin lokaci, kuma mafi yawan malamai ba a koya musu ba, sai dai a kawo musu wanda kamfani ya rubuta.

Tsarin PLATO, wanda Donald Bitzer ya fara a Jami'ar Illinois a 1960, ya ci karo da wannan matsala. Ɗalibai na zama gaban allon gilashi da ke haɗe da babbar kwamfuta, amma sai ƙwararren mai shirya manhaja ne ke iya zuba darasi. A 1967 wani ɗalibin digiri na gaba a fannin nazarin halittu, Paul Tenczar, ya ƙirƙiro yaren kwamfuta mai suna TUTOR, wanda malami zai iya koya ya rubuta darasinsa da kansa. Daga nan darussan PLATO suka yawaita, daga kimiyyar sinadarai har harsuna.

Shekara nawa malami ke ɗauka?

Binciken da ya fi zama kan malamin kansa shi ne shirin ACOT na kamfanin Apple, wanda aka fara a 1985. An zaɓi wasu azuzuwa a Amurka, aka ba kowane malami da kowane ɗalibi kwamfuta biyu, ɗaya a makaranta ɗaya a gida, aka bi su shekara da shekaru. Masu binciken, David Dwyer da Cathy Ringstaff da Judith Sandholtz, sun ga malamai na bin matakai biyar. Da farko fama ne da wayoyin lantarki da manhajoji da hayaniyar yara. Sai malami ya fara amfani da na'urar wajen yin abin da ya saba, wato atisayen da a da yake rubutawa a allo. Sai aiki ya fara sauri, lokaci ya ragu. Sai hannunsa ya faɗa, ya daina tunanin maɓallai. A mataki na ƙarshe ne yake ƙirƙiro salon koyarwar da a da ba zai yiwu ba. Wannan tafiya shekaru take ɗauka, alhali kayan aiki a wadace suke. Daga baya shirin ya koma kawo malamai cikin aji na gaske su zauna su kalli takwarorinsu na aiki, domin an ga hakan ya fi bita a ɗakin taro.

A 2001 Larry Cuban na Jami'ar Stanford ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a makarantun yankin da manyan kamfanonin kwamfuta na Kalifoniya suke. Na'urori sun cika makarantun, malamai na amfani da su a gida wajen shirya darasi, amma kaɗan ne ke koyarwa da su a kai a kai. Dalilan da ya kawo kowane malami zai gane su: gajeren lokacin darasi, yawan ɗalibai, manhajar karatu da dole a gama, da na'urar da kan ƙi aiki ana tsakiyar darasi.

Tambaya ɗaya a tsakiyar darasi

Wanda ya nuna yadda abin ke canza aji shi ne Eric Mazur, malamin fiziya a Harvard. Wajen 1990 ya ba ɗalibansa wani gwaji mai sauƙin kalmomi kan dokokin motsi na Newton, wanda David Hestenes da abokin aikinsa suka tsara. Ɗaliban da ke warware lissafi mai wuya sai ga da yawansu sun kasa tambayoyin fahimta. Ashe haddace hanyar lissafin suke yi. Daga 1991 ya canza salo. Zai yi bayani na ɗan lokaci, ya jefa tambaya ɗaya ta canki-canka, kowa ya zaɓi amsa. Idan kusan kowa ya ci, a wuce. Idan aji ya rabu, kowa ya juya ya shawo kan na kusa da shi, a sake zaɓe. Idan kusan kowa ya faɗi, malam ya sake bayani ta wata hanya. An yi wannan da ɗaga hannu da katuna, daga baya da ƙananan na'urori masu maɓalli. Aikin na'urar shi ne ta nuna masa cikin daƙiƙa yadda amsoshi suka rabu.

A 1998 Paul Black da Dylan Wiliam na Kwalejin King's da ke Landan suka tattara bincike kusan 250, suka nuna cewa gwajin da malami ke yi ana cikin koyarwa, ya kuma gyara darasi da sakamakonsa, yana ɗaga ƙoƙarin ɗalibai sosai, musamman masu rauni. Wanda ya yi makarantar allo ya san wannan tsari: kana biyawa malam na saurare, inda ka karkace nan zai tsayar da kai, kuma ba za ka wanke allo ba sai karatun ya zauna.

Darasin Peru, da namu

A 2005 Nicholas Negroponte ya sanar da shirin ba kowane yaro kwamfutar tafi-da-gidanka a kan dala 100. Najeriya na cikin wuraren gwajin farko, a wata firamare da ke Galadima a Abuja a 2007. Ƙasar Peru ta sayi dubu ɗaruruwa. A 2012 Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar da bincike kan makarantun karkara 319 a can, bayan wata 15 da rabon. Yara sun iya sarrafa kwamfuta, an ga ɗan ci gaba a gwajin kaifin tunani, amma a lissafi da harshe babu wani bambanci. Horon da aka tsara wa malamai na awa 40 ne kacal. A haɗa wannan da shekarun da malaman ACOT suka ɗauka.

A nan gida, yawancinmu ta hanyar JAMB muka san gwaji da kwamfuta. Hukumar ta fara shi a 2013, ta mayar da kowa kansa a 2015. Sakamako na fitowa da wuri, amma irin na Johnson ne: yana tantance mai shiga jami'a bayan an gama karatu, ba ya gaya wa malamin aji abin da zai gyara gobe.

Abin da malami zai koya

A yau waya ɗaya ta isa. Google Forms na duba canki-canka da kansa. ZipGrade na karanta takardar amsa da kyamarar waya. Da Plickers kuwa yara katin takarda kawai suke ɗagawa, malam ya haska aji da wayarsa. Koyon danne-dannen bai wuce 'yan kwanaki ba.

Abin da ke ɗaukar lokaci shi ne iya tsara tambaya da karanta sakamako. Ɗauki misali: rabi a tara da sulusi, wato 1/2 + 1/3. Amsa ita ce 5/6. Malamin da ya san aikinsa zai sa 2/5 cikin zaɓi, domin yaron da ke tara sama da sama, ƙasa da ƙasa, ita zai ɗauka. Zai sa 1/6, domin mai ninkawa maimakon tarawa. Zai sa 2/6, domin wanda ya gane sai an daidaita ƙasa amma ya manta da gyara sama. A ce a aji mai yara 60, 35 sun zaɓi 2/5. Littafin maki zai nuna cewa sun faɗi, shi kenan. Jadawalin da waya ta fitar kuwa zai nuna cewa fiye da rabin aji kuskure iri ɗaya suke yi, kuma gobe sai a zo da lemo ko takarda a yanka a gabansu, su ga da idonsu cewa 2/5 bai ma kai rabin da aka fara da shi ba. Idan ba a kama wannan a aji huɗu ba, yaron zai ja shi har sakandare, ya haɗu da shi a aljabara da kimiyyar sinadarai, a ƙarshe ya yanke cewa shi ba shi da kan lissafi.

Don haka idan gwamnati ko mai makaranta zai sayo na'urori, ya kamata a tambaye shi: nawa aka ware wa horon malamai, kuma na wata nawa? Wa zai shiga aji ya zauna da malam a makonnin farko? An rage masa wani aikin domin ya samu lokacin duba sakamako? Ina wuta da kuɗin data? Malam kuma da ke son farawa, kada ya jira komai ya cika. Ya zaɓi darasi ɗaya a mako, ya rubuta tambayoyi uku da kowace amsar kuskure ke nuna wani irin ruɗani, ya duba sakamakon da yamma tare da abokin aikinsa, ya shiga aji washegari da abu ɗaya da zai sake koyarwa.