Akwatin Taimakon Gaggawa Na Kare: Abin Da Ake Zubawa A Ciki Da Abin Da Ba A Zubawa

A garuruwa da ƙauyukan Arewa, inda matsalar tsaro ta ƙara wa karen gadi daraja, sau da yawa likitan dabbobi yana nesa. Akwatin taimakon gaggawa ba ya maye gurbin likita. Amfaninsa shi ne ya riƙe ran dabbar kafin a isa asibiti.

Abu na farko da ake tanada shi ne takunkumi, domin kare mai jin zafin rauni kan ciji ko da ubangidansa ne. Idan babu na saye, dogon bandeji ko tsumma mai tsafta ya isa a ɗaure bakin. Sai dai ba a sa wa karen da ke amai ko numfashi da ƙyar. Bayan shi sai safar hannu ta roba, almakashi, hantsakin cire kaska da ƙaya, auduga, bandeji, filasta, sirinji marar allura don wanke rauni, da tsohon bargo na ɗaukar dabbar.

Wajen wanke rauni, ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a rabin litar ruwan da aka tafasa ya huce ya wadatar, sannan a bi da ruwan aidin da aka sirka. Jini kuwa dannawa ke tsayar da shi: a ɗora kyalle mai tsafta a danne na wasu mintuna ba tare da ɗagawa ba. Baƙin man inji da wasu ke shafa wa gyambo ko kaska guba ne, kare zai lashe shi.

Ma'aunin zafin jiki ma yana da muhimmanci, musamman da bazara. Zafin lafiyayyen kare yana tsakanin digiri 38 zuwa 39.2, ana auna shi ta dubura. Idan ya haura 40, a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa da ruwa mai sanyi, a nemi likita.

Babban kuskure shi ne zuba magungunan mutane a akwatin. Ibuprofen na lalata ciki da ƙodar kare, farasitamol kuma na iya lalata hantarsa. Idan ya ci shinkafar ɓera ko maganin ƙwari, kada a ɗura masa manja ko madara, don suna iya sarƙe shi su gangara huhu. A tafi da shi tare da kwalin gubar, likita ya gani. Saran maciji, irin su kububuwa, ba a tsaga shi, ba a ɗaure shi tamau. A hana karen motsi kawai, a ɗauke shi.

Sabulu na cikin akwatin kuwa don mutane ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunsa sun bayyana kusan babu mai tsira. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na tsawon minti 15, ya nufi asibiti a ranar don karɓar allura. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, jihar Filato, tana sarrafa rigakafin da ake yi wa karnuka. Katin wannan rigakafi, da lambar wayar likitan dabbobi mafi kusa, ana manna su a cikin murfin akwatin.