Haraji, Tara ko Farashi: Sunan Kuɗin Hayaƙi

Masana'antar da ke turnuƙe gari da hayaƙi ita ke cin riba, maƙwabta kuma su kwana da tari. Masanin tattalin arziki na Ingila, Arthur Pigou, ya bayyana wannan zalunci a 1920, ya ba da shawarar a ɗora wa mai ɓarna kuɗi daidai da ɓarnarsa. Finlan ta fara karɓar irin wannan kuɗi a kan hayaƙin kabon a 1990, Suwidin ta bi sahu a 1991. Tun daga lokacin ake jayayya kan sunan da ya dace da shi: haraji, tara ko farashi.

Kowane suna da hukuncinsa. Tara ta mai laifi ce. Wanda aka ci shi tara an ce masa ya daina. Haraji kuwa a kan abin da doka ta halatta ake biyansa, gwamnati ta karɓi kasonta. Farashi ya mai da hayaƙi hajar kasuwa, kamar yadda Tarayyar Turai ta yi tun 2005: ta ƙayyade yawan hayaƙin da za a fitar, ta raba takardun izini, kamfanoni suna saye da sayarwa a tsakaninsu.

A Ostireliya, Firaminista Julia Gillard ta yi alkawari a zaɓen 2010 cewa ba za ta kawo harajin kabon ba. A 2012 gwamnatinta ta sa dalar ƙasar 23 a kan kowane tan na hayaƙin kabon, ta kira shi farashi. Madugun adawa Tony Abbott ya dage cewa haraji ne kuma an saɓa alkawari. Jam'iyyarsa ta ci zaɓen 2013, aka soke dokar a 2014. A Kanada sai da maganar ta kai Kotun Ƙoli, wadda ta yanke a 2021 cewa kuɗin ba haraji ba ne a ma'anar tsarin mulki, domin an sa shi ne don sauya halin masu fitar da hayaƙi.

Najeriya ma ta ɗanɗana kuɗarta. Wata doka ta 1979 ta hana ƙona iskar gas a rijiyoyin mai daga 1984, sai da izinin minista da biyan wani kuɗi. Shin tara ce, ko kuɗin izini? Kamfanonin mai suka riƙe na biyu, suka lissafa shi cikin ɗawainiyar aiki, suna cire shi kafin a yanka musu haraji. A 2018 Ministar Kuɗi Kemi Adeosun ta koka cewa kalmar da aka rubuta a doka ce ta buɗe wannan ƙofa. Sai Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta kira shi tara, ta hana cire shi. Kafin nan, shekara da shekaru mutanen Neja Dalta suna shaƙar hayaƙin, baitulmali kuma yana rage wa masu ƙonawar nauyi.

Don haka ina ganin bai kamata 'yan jaridarmu su riƙa cewa "harajin kabon" ga kowane irin kuɗi ba. Idan an haramta aikin, a ce tara. Idan an halatta shi ana karɓar kaso, a ce haraji, a kuma faɗi inda kuɗin ke zuwa. Idan izini ake sayarwa, a faɗi haka ƙarara. Wanda hayaƙin ke shiga ƙirjinsa yana da haƙƙin sanin ko doka na ƙoƙarin hana ɓarnar ne, ko kuwa sayar da ita take yi.