Tafiyar Ƙasa, Hawan Keke da Shawagi da Laima: Nazari Kan Dacewarsu da Ƙasar Rara

Kafin mu shiga batun, ya wajaba mu fayyace abubuwa huɗu da nazarin ya dogara a kansu. Mashigin dutse shi ne gurbi mafi sauƙin bi tsakanin tsaunuka biyu, inda hanya ke ƙetarawa daga wannan kwari zuwa wancan. Tafiyar ƙasa, a nan, tattaki ne mai nisa da mutum ke yi don motsa jiki da ganin ƙasa, ba don kasuwa ko gona ba, kuma da wannan niyyar muke kallon hawan keke. Shawagi da laima kuwa wasa ne da mutum ke ɗaura wani faffaɗan fiffike na yadi a jikinsa da igiyoyi, ya rugo daga gangaren dutse, iska ta ɗauke shi ba tare da inji ba.

A Turai wasannin uku sukan haɗu a mashigi ɗaya. Mashigin Turmale da ke Faransa, mai tsayin mita 2,115, ya shiga babbar gasar keke ta ƙasar tun 1910, kuma a ƙauyen Miyusi na Faransar ne aka soma shawagi da laima a 1978. A Afirka ta Yamma, Ghana ta fara bikin shawagi a tsaunukan Kwahu a 2005. Idan muka duba waɗannan wurare, za mu ga sharuɗɗa uku: tsayi, iska mai tsabta, da amincin hanya. Da su za mu auna ƙasarmu.

Ƙasar Rara, da Rabah da Wurno da Goronyo, a gabashin Sakkwato, kashi biyu ce: fadama da tudu. Fadamar ta bi gulbin Rima da gulbin Sakkwato, inda ake noman shinkafa da albasa da tafarnuwa. Tudun kuwa tsaunuka ne gajeru masu shimfiɗaɗɗen kai, wanda marmara ta rufe. Yankin bai wuce kimanin mita 300 daga doron teku ba, tazarar da ke tsakanin kan tudu da kwari kuma kaɗan ce. Ga ƙurar hunturu da ke rufe ido watanni. Saboda haka shawagi da laima bai dace da nan ba, kuma ba mu ga amfanin tilasta wa ƙasa abin da Allah bai hore mata ba.

Tafiyar ƙasa ita ce ta fi cancantar mu tsaya a kanta, domin abin da mai tattaki zai gani iri biyu ne. Na farko tarihin ƙasar kanta. Masana duwatsu sun tabbatar cewa teku ya taɓa rufe wannan yanki fiye da shekara miliyan 65 da suka wuce, har suka raɗa wa wasu shimfiɗun duwatsun sunayen garuruwanmu: Taloka, Dukamaje da Wurno. A cikin shimfiɗar Dukamaje aka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa da suka zama dutse, wadda masanan Italiya suka sa wa suna Goronyosaurus a 1972, don girmama Goronyo. Abin takaici ne a ce ana karanta sunan a jami'o'in duniya, amma yaran da ke kiwo a gindin tsaunukan ba a gaya musu ba. Na biyu tarihin mutane. A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi, wato garin tsaron iyaka, a can ya rasu a 1837, a can kuma kabarinsa yake. A Rabah aka haifi Sardauna Ahmadu Bello. Dajin Gundumi kuwa shi ne mashiginmu na gaskiya, sai dai ƙishirwa ce wahalarsa ba hawa ba. A da ayarin fatake kan ratsa shi dare da rana ba zango saboda rashin ruwa da tsoron hari, haka ma Baturen matafiyi Kilafaton ya ratsa shi a 1824, takwaransa Bat kuma a 1853.

Keke ba baƙo ba ne a nan. Manomi ya ɗora masa buhu, malamin makaranta ya je aiki a kansa, kafin babur ya karɓe hanya. Gasar keke ta Burkina Faso, wadda aka fara a 1987 a ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai zafi kamar tamu, ta nuna cewa tseren keke ba ya buƙatar tsauni. Cikas biyu ne kawai, rairayi da rana, kuma watannin Nuwamba zuwa Fabrairu sun sauƙaƙa na biyun.

Saura sharaɗi na uku, amincin hanya, wanda shi ne mafi nauyi. Tun harin da 'yan bindiga suka kai Tabanni, a gundumar Gandi ta Rabah, a Yulin 2018, hanyoyin gabashin Sakkwato ba su koma yadda suke ba. Wurin da manomi ke fargabar zuwa gonarsa, ba za a gayyaci ɗalibi ya je duba duwatsu ba. Hukuncinmu shi ne tafiyar ƙasa da keke sun dace da Rara ƙwarai, shawagi bai dace ba. Muna kira ga hukumomi su fara da tsaron hanya, jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuma ta rubuta tarihin waɗannan tsaunuka da Hausa don makarantun yankin.