Daga Ina Muryar Fulsa Take Fitowa? Matsalar Hasken Rediyo a Filasmar Taurarin Nutiron

Tsakure

Maƙalar nan ta duba yadda taurarin fulsa suke fitar da hasken rediyo, matsalar da ta haura shekara 50 masana na fama da ita. Ta bi diddigin manyan ra'ayoyin da aka gabatar, ta kuma kafa hujja cewa bakin zaren yana wuraren da bugun tauraron yake karkacewa: inda yake ɗaukewa, inda yake zamewa, da inda yake tartsatsi na ɗan ƙanƙanin lokaci.

Gabatarwa

A ranar 28 ga Nuwamba 1967, Jocelyn Bell, ɗalibar digiri na uku a Kambirij ta Ingila, ta ga alƙalamin na'urarta yana zana ƙananan tsinaye a jere a kan takarda, tsakanin kowane biyu daƙiƙa 1.337. Na'urar ba ta da wani kyan gani: sanduna ne da wayoyi, eriya 2,048 a fili, suna sauraron sama a mita megahaz 81.5. Ita da malaminta Antony Hewish da abokan aikinsu suka fitar da sakamakon a mujallar Nature a Fabrairun 1968.

Gano ko mene ne abin bai ɗauki lokaci ba. A 1968 Thomas Gold ya ce abin, wanda aka raɗa wa suna fulsa, tauraron nutiron ne mai juyawa, haskensa yana share sama kamar fitilar da ake wulwulawa, kuma duk sanda ya haska Duniya sai a ji bugu. Da aka gano fulsar Bela mai juyi 11 a daƙiƙa, da ta Gajimaren Ƙaguwa mai juyi kusan 30, gardama ta mutu, domin babu abin da zai jure wannan gudu bai tarwatse ba sai dunƙulen da faɗinsa bai wuce kilomita 20 da 'yan kai ba, amma ya fi Rana nauyi. Abin da ya rage, wanda har yau ake kansa, shi ne yadda aka yi wannan dunƙule yake magana da rediyo.

Zafin da ba zafi ba

Masana suna auna hasken rediyo da tambaya guda: in da abu mai zafi ne ya fitar da wannan haske, nawa zafinsa zai kai? Ga fulsa, amsar takan zarce lamba 1 mai sifili 25 a ma'aunin Kelbin. Babu wani abu a sararin samaniya mai irin wannan zafi. Tun 1969 Kellermann da Pauliny-Toth suka nuna cewa elektiron da ke karkaɗawa a filin maganaɗisu, kowanne yana haskensa shi kaɗai, ba za su wuce kimanin tiriliyan 1 ba.

Ke nan ba kowa da kiɗansa suke yi ba. Mutum dubu a kasuwa, kowa na cinikinsa, hayaniyarsu ninki dubu ce ta muryar mutum ɗaya, domin igiyoyin sautin suna cin juna. In da za a sa muryoyin nan su tashi tare su sauka tare, tudu kan tudu, kwari kan kwari, da ƙarfin ya zama dubu sau dubu. Wannan haɗin baki shi ake nema a fulsa: me ke sa ɗimbin ƙwayoyi masu caji iri ɗaya, waɗanda ɗabi'arsu ture juna ce, su motsa kamar ƙwaya guda?

Akwai kuma abin da ke ƙara wa binciken wuya. Hasken rediyon ɗan mitsitsi ne cikin ƙarfin da tauraron yake zubarwa, sau da yawa bai fi kashi 1 cikin miliyan ba. Mai bincike yana neman fahimtar babban inji ne daga 'yar ƙarar da take fita ta gefensa.

Inda filasmar take fitowa

Goldreich da Julian sun nuna a 1969 cewa maganaɗisu mai ƙarfin gawus tiriliyan 1 in yana juyawa, sai ya haifar da lantarkin da zai fizgo ƙwayoyi daga fuskar tauraron. Sturrock a 1971, sannan Ruderman da Sutherland a 1975, suka ƙarasa labarin. A saman ƙuryar maganaɗisu ana samun giɓi mara ƙwayoyi. Elektiron da ya faɗa ciki yakan ɗauki gudu kusa da na haske, ya bi lanƙwasar layin maganaɗisu, ya tofar da hasken gama. Shi kuma hasken gaman, cikin wannan maganaɗisu, sai ya rikiɗe ya zama tagwaye, elektiron da fozitiron. Su ma su haifi wasu, har giɓin ya cika, lantarkin ya mutu, filasmar ta kwarara waje, a koma farko.

Ta fuskar wurin da hasken rediyon yake fitowa, an ci nasara da wuri. Radhakrishnan da Cooke, da na'urar Parkes ta Ostareliya, sun lura a 1969 cewa kusurwar karkatar hasken Bela tana juyawa a hankali daga farkon bugu zuwa ƙarshensa, daidai yadda za a gani in hasken yana fitowa kusa da ƙuryar maganaɗisu. Wannan bayani yana aiki har gobe.

Ta fuskar hanyar fitar da hasken kuwa, an rarrabu. Wasu sun ce ƙwayoyin suna taruwa curi-curi, kowane curi yana haske kamar ƙatuwar ƙwaya ɗaya. Wasu sun ce filasmar ce take ninka igiyar da ta ratsa ta, irin aikin na'urar da ake kira mesa (maser). Wasu kuma sun ɗauko misalin Rana, inda girgizar filasma take komawa hasken rediyo. Donald Melrose na Jami'ar Sidni ya daɗe yana nuna raunin kowanne, musamman na curi: ƙwayoyin ba gudu ɗaya suke yi ba, don haka curin yakan watse kafin ya yi wani abin kirki. Wannan suka tana da nauyi, kuma ba a ba ta amsar da ta gamsar da kowa ba.

Shaidar da ke cikin tangarɗa

In aka tara bugu dubbai aka ɗauki matsakaici, siffar fulsa ba ta canzawa, shi ya sa ake amfani da ita a matsayin agogo. Amma matsakaici yana binne abin da ya fi muhimmanci. Drake da Craft sun ga ƙananan bugu suna zamewa cikin babban bugu tun 1968, Backer kuma ya ga wasu fulsa suna yin shiru ɗif a 1970.

Misali mafi ƙarfi ya fito daga cibiyar kallon taurari ta Jodrell Bank. A 2006 Michael Kramer da abokansa suka ba da rahoton fulsar B1931+24, wadda take magana kwana 5 zuwa 10, sannan ta yi shiru kwana 25 zuwa 35. Suka tarar cewa lokacin da take magana, juyinta yana raguwa da sauri fiye da lokacin shirunta da kusan kashi 50 cikin 100. Ma'ana, ɗan hasken rediyon nan a ɗaure yake da kwararar filasmar da ke taka wa tauraron gaba ɗaya birki.

Sai fulsar Ƙaguwa. Timothy Hankins da abokansa, da na'urar Aresibo, sun ba da rahoto a 2003 cewa sun kama, cikin manyan bugunta, tartsatsin da bai wuce nanosakan 2 ba. A wannan lokaci haske santimita 60 kawai yake tafiya, don haka wurin da abin ya fito bai kai mita ɗaya ba, girman akwatin tufafi, ana jiyo shi daga nisan shekarun haske kusan 6,500.

A 2020 Philippov, Timokhin da Spitkovsky suka kwaikwayi giɓin a kwamfuta, ƙwaya-ƙwaya. Suka ga cewa tagwayen ba sa cika giɓin bai ɗaya, kuma wannan kunnawa da kashewar lantarki marar daidaito ita kanta take haifar da igiyoyin da za su iya ficewa. A ganin wannan maƙala, nan ne hanya mafi alheri, domin ba ta buƙatar curi mai daɗewa, kuma ta mayar da tangarɗar bugu ainihin yadda injin yake aiki. Sai dai kwaikwayon an sauƙaƙa shi ƙwarai, kuma bai bayyana manyan bugun Ƙaguwa ba, waɗanda ake kyautata zaton daga nesa suke fitowa, wajen kilomita 1,600 daga tauraron, inda layukan maganaɗisu suke tsinkewa su sake haɗuwa.

Gwajin da ke jiran wannan ra'ayi yana wajen taurari masu nawa. Lissafi ya ce in juyi ya yi sanyi sosai, lantarki ba zai isa haifar tagwaye ba, sai tauraron ya yi shiru har abada. Amma a 1999 an tabbatar da cewa J2144−3933 tana juyi ɗaya a daƙiƙa 8.5 kuma tana magana. A 2022 Manisha Caleb da abokanta suka sanar da J0901−4046, wadda na'urar MeerKAT ta Afirka ta Kudu ta jiyo: juyi ɗaya a daƙiƙa 76, bugunta kuma bai fi sulusin daƙiƙa ba.