Tarihin fafutukar buɗe wa makafi ƙofar intanet

Sauƙaƙa wa makafi amfani da intanet yana nufin tsara shafuka da manhajoji ta yadda wanda ba ya gani, ko wanda ganinsa ya yi rauni, zai karanta abin da ke cikinsu, ya cike fom, ya biya kuɗi, ya aika saƙo, ba tare da wani ya yi masa jagora ba. Batun ya taso gadan-gadan a shekarun 1990, lokacin da allon kwamfuta ya tashi daga rubutu zalla ya koma hotuna da alamomi. A wancan zamani ne aka samar da wasu daga cikin manhajoji da ƙa'idojin da ake dogaro da su har yau.

Yadda makaho yake amfani da kwamfuta

Babban abin aikinsa shi ne manhajar karanta allo. Wannan manhaja tana bin rubutun da ke kan allo tana furta shi da muryar na'ura, ko kuma ta tura shi zuwa wani ɗan siririn allo mai ƙananan ƙusoshi da ke tasowa suna komawa, don a shafa da yatsa a karanta. Ƙusoshin suna bin tsarin rubutun makafi mai ɗigo shida wanda Louis Braille, mutumin Faransa, ya fitar a 1829. Makaho ba ya aiki da linzamin kwamfuta, tunda sai da ido ake sanin inda kibiyarsa ta nufa. Da madannai yake yin komai. Masu raunin gani kuwa sun fi buƙatar ƙara girman rubutu da bambancin launi mai ƙarfi tsakanin harafi da farfajiyar shafi.

Abin lura shi ne manhajar ba ta kallon allo kamar yadda ido yake yi. Bayanin da maginin shafi ya rubuta a ƙarƙashi take karantawa. Idan ya sa hoto bai rubuta masa bayani ba, makaho zai ji kalmar hoto kawai, ko ya ji sunan fayil mai tarin lambobi marasa ma'ana.

Zamanin rubutu zalla

A shekarun 1980 yawancin ƙananan kwamfutoci suna aiki da tsarin DOS, wanda allonsa ke ɗaukar layi 25, kowane layi mai gurbin harafi 80. Kowane harafi yana da mazauninsa sananne, don haka furta shi bai zama aiki mai wuya ba. A 1986 kamfanin IBM ya fitar da manhajar karanta allo wadda Jim Thatcher ya jagoranci ƙirƙirar ta. A 1989 Ted Henter, tsohon ɗan tseren babur da ya rasa ganinsa a hatsarin mota a 1978, ya fitar da JAWS ta kamfanin Henter-Joyce da ke jihar Florida a Amurka.

Hanyoyin sadarwar farko, irin su CompuServe, su ma rubutu ne zalla. Makaho zai haɗa kwamfutarsa da layin tarho ya karanta labarai da wasiƙu daidai da mai ido. Ko da Tim Berners-Lee ya buɗe tsarin shafukan intanet ga jama'a a 1991, rubutu ne jigonsa, kuma manhajar Lynx da aka ƙirƙira a Jami'ar Kansas a 1992 tana nuna shafi ba tare da hoto ba. Ga mutumin da a da sai ya jira wani ya karanta masa jarida, wannan ba ƙaramin 'yanci ba ne.

Shigowar hotuna

Al'amura sun sauya da fitowar Windows 3.0 a 1990, da kuma manhajar Mosaic a 1993, wadda ta yaɗa ɗabi'ar haɗa hoto da rubutu a shafi guda. A sabon tsarin, allo ya zama ɗigo-ɗigon haske, harafi kansa zane ne. Tsofaffin manhajojin karanta allo suka rasa abin furtawa, makafi masu aikin ofis suka shiga fargabar rasa guraben aikinsu yayin da ma'aikatu ke ƙaura zuwa Windows.

Masana suka ɓullo da dabarar tare rubutu kafin a zana shi a allo, a adana kwafinsa don manhaja ta karanta. Da irin wannan dabara manhajar outSPOKEN ta yi aiki a kwamfutar Macintosh tun 1989, sannan JAWS ta Windows ta fito a 1995. A ƙasar Japan, Chieko Asakawa, mai bincike a IBM wadda ta makance tana shekara 14, ta samar da Home Page Reader a 1997, manhajar da ke karanta shafin intanet da murya.

Sai dai matsalar ta koma hannun magina shafuka. Wasu sukan mayar da jerin zaɓuɓɓuka hoto guda da ake danna sassansa. Wasu sukan tsara shafi da jadawali, sai manhaja ta karanta layin wannan sashe haɗe da na wancan, magana ta cakuɗe. Akwai guraben fom marasa suna, inda makaho ba zai san ko lambar waya ake nema ko adireshi ba. Akwai kuma mahaɗai goma a shafi ɗaya, duk sunansu danna nan.

Samar da ƙa'idoji

A watan Janairun 1995 Gregg Vanderheiden na Cibiyar Trace a Jami'ar Wisconsin ya tattara shawarwarin farko kan gina shafin da naƙasassu za su iya amfani da shi. Ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta kafa wani shiri na musamman kan wannan batu a 1997. A wannan shekarar ne kuma tsarin HTML 4.0 ya wajabta sanya gurbin bayani ga kowane hoto.

Ranar 5 ga Mayun 1999 ƙungiyar ta fitar da kundin WCAG 1.0 mai ƙa'idoji 14 da matakan cancanta uku: A, AA da AAA. Daga cikin abin da ya ƙunsa akwai rubuta wa hoto bayani, da guje wa isar da saƙo ta launi kaɗai, da tabbatar da cewa duk abin da linzami zai yi madannai ma za su iya. Kundi na biyu, wanda ya fito a Disambar 2008, ya taƙaita komai cikin ginshiƙai huɗu: a iya riskar abin da ke shafi, a iya sarrafa shi, a iya fahimtar sa, kuma ya yi aiki da na'urori iri-iri.

Gaban shari'a

Ƙa'ida ba ta tilasta wa kowa sai doka ta mara mata baya. Amurka ta kafa dokar kare haƙƙin naƙasassu a 1990, kafin intanet ta yaɗu, don haka aka daɗe ana muhawara kan ko shafin intanet yana cikin wuraren hulɗar jama'a da dokar ta ambata. A Nuwambar 1999 Tarayyar Makafi ta Ƙasar Amurka ta kai kamfanin AOL ƙara a wata kotun tarayya da ke Boston, bisa hujjar cewa manhajarsa cike take da maɓallai marasa suna da umarnin da sai da linzami ake bayarwa. A Yulin 2000 aka sasanta, kamfanin ya amince ya gyara manhajarsa ta gaba.

A Ostareliya, wani makaho mai suna Bruce Maguire ya kai ƙorafin kwamitin shirya gasar Olamfik ta Sydney gaban hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar, saboda shafin gasar ya gagare shi karantawa. Kwamitin ya ce gyaran zai ci kuɗi da lokaci fiye da kima. Hukumar ta yi watsi da wannan hanzari a Agustan 2000, daga baya kuma ta umarci a biya shi diyyar dalar Ostareliya 20,000. Haka nan kantin Target na Amurka ya amince da biyan dala miliyan 6 a 2008 don kawo ƙarshen wata ƙara makamanciyar wannan. Gyaran da aka yi wa wata dokar Amurka a 1998 shi ma ya wajabta wa hukumomin tarayyar ƙasar sayen fasahar da naƙasassu za su iya amfani da ita.

Abin da ya biyo baya

Tsadar manhaja ta kasance wani shinge, domin ɗaruruwan daloli ake sayar da irin su JAWS. A 2006 Michael Curran, makaho ɗan Ostareliya, ya fara NVDA, wadda shi da abokinsa James Teh suka raina, ake kuma samun ta kyauta. Apple ya sanya VoiceOver a wayar iPhone a 2009, wayoyin Android kuma suna da TalkBack. Duk da haka sababbin shingaye sun ci gaba da ɓullowa, musamman gwajin nan na karkatattun haruffa ko zaɓen hotuna da ake yi don tabbatar da cewa mutum ne ke shiga shafi.

Alaƙarsa da Najeriya

Najeriya ta tabbatar da amincewarta da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010, kuma sashe na 9 na yarjejeniyar ya ambaci intanet ƙarara. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar haramta nuna wa naƙasassu wariya, aka kafa hukumar kula da su ta ƙasa a 2020. Yanzu da neman aiki, da rajistar jarrabawa, da rajistar kamfani, da tura kuɗi suka koma intanet, maɓalli ɗaya marar suna ya isa ya tilasta wa makahon ɗan kasuwa miƙa lambar sirrin asusunsa ga wani. Shari'o'in AOL da Sydney sun nuna cewa gyara shafi bayan an gama shi ya fi wahala a kan sanya waɗannan sharuɗɗa tun lokacin bayar da kwangilar gina shi.