Daidaita Kulawa da Yaran da Aka Yi wa Dashen Zuciya: Nazari daga Jerin Jira zuwa Asibitin Manya

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun yaron da ake yi wa dashen zuciya tun daga ranar da aka sa sunansa a jerin masu jira har ranar da ya girma aka miƙa shi ga likitocin manya. Ta dogara da abin da cibiyoyin dashe na Amurka, Kanada da Birtaniya suka wallafa, da kuma alƙaluman rajistar ƙungiyar masana dashen zuciya da huhu ta duniya, wato ISHLT. Nazarin ya nuna cewa babban rabo na haɗarin da ake iya kauce wa yana taruwa ne a wuraren da yaron, ko bayaninsa, ko maganinsa, ke fita daga hannun wani zuwa hannun wani. Maƙalar ta ba da shawarar a riƙa ɗora kowace miƙawa a wuyan mutum guda da aka san sunansa.

Gabatarwa

Ranar 3 ga Disamba 1967 Christiaan Barnard ya yi dashen zuciya na farko a asibitin Groote Schuur da ke Afirka ta Kudu. Kwana uku kacal bayan haka Adrian Kantrowitz ya gwada wa wani jariri da bai cika mako uku ba a asibitin Maimonides na New York, jaririn ya rayu 'yan sa'o'i. Hannun likitan fiɗa ya riga ya ƙware tun lokacin. Abin da ya gagara shi ne hana garkuwar jiki kai wa baƙuwar zuciya hari. Sai da aka amince da maganin cyclosporine a Amurka a 1983 aka samu bakin zaren. A Oktoban 1984 Leonard Bailey na Loma Linda da ke Kalifoniya ya dasa wa jaririyar da duniya ta sani da Baby Fae zuciyar gwaggon biri, ta rayu kimanin mako uku. A Nuwamban 1985 ya dasa wa wani jariri zuciyar ɗan'adam, wannan karon yaron ya rayu har ya girma.

Yau ana yi wa ɗaruruwan yara dashen zuciya kowace shekara, galibinsu a Arewacin Amurka da Turai. Jarirai sukan zo da nakasar halittar zuciya, musamman wadda ɓangaren hagu bai ginu ba. Manyan yara kuwa an fi kawo su saboda tsokar zuciya ta saki ta kasa tura jini, ko kuma tiyatocin gyara da aka yi musu tun suna ƙanana sun gaji. Tiyatar kanta aikin yini guda ce ko dare guda. Kulawar da ke gabanta da bayanta kuwa ta shekaru ce, kuma tana ratsa hannun likitan zuciya, likitan fiɗa, ma'aikatan ɗakin kulawa ta musamman, masanin magunguna, ma'aikatan ɗakin gwaji da na bankin jini, masanin abinci, masanin halayyar yara, malamin makaranta da likitan unguwa. A tsakiyarsu akwai ko'odinetar dashe, wadda galibi ƙwararriyar nas ce, kuma lambarta ce iyaye ke kira ko da tsakar dare.

Jira da daren da aka samu zuciya

Jira kansa kisa yake yi. Christopher Almond da abokan aikinsa sun wallafa a mujallar Circulation a 2009 cewa cikin yara sama da dubu uku da aka sa a jerin jira a Amurka tsakanin 1999 da 2006, kashi 17 cikin ɗari sun rasu kafin a samu zuciya. Famfon jini na Berlin Heart EXCOR, wanda aka ƙera a Jamus kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi ga yara a 2011, ya rage wannan asara, amma ya zo da nasa aikin: yaro na iya shafe watanni a asibiti da bututu a ƙirji, ana auna tsinkewar jininsa a kai a kai don kada gudan jini ya toshe masa jijiyar ƙwaƙwalwa. Duk tsawon wannan lokaci dole a riƙa sabunta bayaninsa a jerin jira. Nauyinsa na canzawa, kuma duk ƙarin jinin da aka yi masa na iya sa jikinsa ya ƙera sababbin sojojin garkuwa da za su ƙi zuciyar wani.

Idan aka bugo waya cewa an samu zuciya, ko'odineta ce ke fara duba rukunin jini, nauyin mamacin da na mai jira, da nisan asibitocin biyu. Ta kira iyaye ta ce kada a ƙara ba yaron abinci, su kama hanya. Ta tayar da tawagar da za ta je ɗauko zuciyar, sau da yawa a jirgin sama. Daga lokacin da aka datse jinin da ke shiga zuciyar mamacin agogo ya fara aiki, domin a cikin sanyin ƙanƙara ana so a dasa ta cikin sa'a huɗu, shida idan ta yi tsawo. Ga kuma wani lissafi: yaron da aka taɓa buɗe wa ƙirji sau biyu ko uku yana da tabo mai kauri a ciki, likita na bukatar ƙarin lokaci kafin ya isa ga tsohuwar zuciyar ba tare da ya yanki jijiya ba. Idan aka makara wajen farawa, sabuwar zuciya za ta iso ta zauna jira a cikin akwati. Idan aka yi gaggawa, za a iya buɗe yaro sannan labari ya zo cewa zuciyar ba ta dace ba. Wayar da ke tsakanin ɗakunan tiyata biyu a wannan dare tana da nauyin wuƙar likita.

Abin da ya faru a asibitin Jami'ar Duke da ke Arewacin Karolina ya isa hujja. Ranar 7 ga Fabrairu 2003 aka dasa wa Jesica Santillan, yarinya 'yar shekara 17 'yar asalin Meziko, zuciya da huhu. Rukunin jininta O ne, gaɓoɓin da aka ɗauko daga Boston kuwa na mai rukunin A ne. Bayanin ya ratsa hukumomin samar da gaɓoɓi biyu da likitoci da dama, kowa na zaton na gabansa ya duba. Ba a gane ba sai ana dab da kammala tiyata. An sake yi mata wani dashen bayan kusan mako biyu, amma ta rasu ranar 22 ga watan. Asibitin ya amsa laifinsa, kuma bayan haka aka tsaurara doka a Amurka cewa sai mutum biyu sun tabbatar da rukunin jini, kowa da idonsa, kafin a ci gaba. Babu wanda ya rasa ilimi a cikin waɗannan mutane. Lamarin kamar kwanon kankare ne da leburori ke miƙa wa juna ranar zuba dakin: yawanci wajen miƙawa yake zubewa, lokacin da mai bayarwa ya saki, mai karɓa bai gama riƙewa ba.

Yana da kyau a ajiye wannan labari kusa da aikin da Lori West ta yi a asibitin yara na Toronto a Kanada. Tun 1996 ta fara dasa wa jarirai zuciyar da rukunin jininta ya saɓa da nasu, da gangan, kuma ta wallafa sakamakon jarirai goma a New England Journal of Medicine a 2001. Dalilin shi ne jariri a watanninsa na farko bai fara ƙera sojojin da ke yaƙar wani rukunin jini ba. Wannan ya faɗaɗa ƙofar samun zuciya ga waɗanda suka fi kowa mutuwa a jira. Sai dai nasararsa ta rataya ne a kan tsari: ana auna garkuwar jaririn kafin tiyata, bankin jini ya san irin ruwan jinin da zai bayar da wanda ba zai bayar ba, kuma bayanin ya bi yaron duk asibitin da ya je a rayuwarsa.

Ƙarancin zuciyar yara matsala ce da doka kaɗai ba ta warwarewa. Ingila ta koma tsarin ɗaukar kowane baligi a matsayin wanda ya amince da bayar da gaɓoɓinsa a watan Mayun 2020, dokar da ake kira da sunan Max da Keira, yaron da ya karɓi zuciya a 2017 da yarinyar da aka ɗauki tata. Amma dokar ba ta shafi 'yan ƙasa da shekara 18 ba. Har yanzu sai an zauna da iyayen da suka rasa ɗansu an nemi yardarsu, kuma a Birtaniya asibitoci biyu ne ke yi wa yara wannan aiki, Great Ormond Street a Landan da Freeman a Newcastle.

Bayan sallama

Ranar da aka sallami yaro, aikin da ma'aikata da yawa ke yi ya koma hannun uwa da uba. Ginshiƙin maganin yau shi ne tacrolimus, sau biyu a rana, tazarar sa'a 12, tare da mycophenolate. Tazarar da ke tsakanin adadin da ke kare zuciya da wanda ke lalata ƙoda ƙarama ce, shi ya sa ake ɗibar jini a auna. Ana ɗibarsa ne da safe kafin a ba da maganin. Uwar da ba a yi wa bayani ba za ta ba ɗanta magani a gida sannan ta kai shi gwaji, sakamako ya fito da yawa, likita ya rage adadin, yaro ya shiga haɗarin jikinsa ya ƙi zuciyar. Ƙananan yara na ruwa suke sha, kuma ƙarfin haɗin kan bambanta daga wani kantin magani zuwa wani, har sirinji ɗaya ya zama ninki biyu ba tare da kowa ya lura ba.

Likitan unguwa ma yana cikin tawagar ko ya sani ko bai sani ba. Idan ya rubuta erythromycin ko fluconazole, tacrolimus zai hau. Rifampicin na tarin fuka zai sauko da shi ƙasa warwas. Ibuprofen na ƙara wa ƙoda nauyi, ruwan garehul da gudawa kuma na ɗaga maganin a jini. Alamun da jiki ke nunawa idan ya fara ƙin zuciyar su ma masu ruɗi ne a wajen yaro: ƙin nono, rigima, amai, ciwon ciki, saurin numfashi. Wanda bai san tarihin yaron ba zai ce ciwon ciki ne ya sallame shi.

Akwai kuma cutar da ke zuwa a hankali, wadda ke tsuke jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar da aka dasa. Da yake an yanke jijiyoyin ji lokacin tiyata, yaro kan rasa ciwon ƙirjin da zai gargaɗe shi. Ba a kama ta sai ta hoton jijiyoyi da ake yi lokaci lokaci ko da yaron na wasa lafiya lau. Haka ake sa ido a kan ƙwayar cutar Epstein-Barr, wadda kan jawo wani nau'in sankara idan garkuwa ta yi rauni. Iyali da ke ganin ɗansu garau sukan fara tsallake ranar asibiti, kuma mai lura da kujerar da ba kowa, ta ɗaga waya ta tambayi dalili, ita ce ko'odineta.

Samartaka

Alƙaluman ISHLT sun nuna abin da kan ba mutane mamaki. Rabin jariran da aka yi wa dashe sukan wuce shekara 20 da zuciyar, yayin da na matasa lissafin ke tsayawa wajen shekara 14. Garkuwar jariri mai sauƙin hali tana cikin dalilai, amma barin shan magani babban dalili ne. Nazarin da Oliva da abokan aikinta suka wallafa a mujallar ƙungiyar a 2013 ya samu cewa kusan yaro ɗaya cikin goma a Amurka an rubuta masa sakacin magani da ya shafi lafiyarsa, matasa ne kan gaba, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗannan sun rasu cikin shekara biyu.

A daidai wannan shekarun ne kuma ake raba matashi da tawagar da ta san shi tun yana goye, a tura shi asibitin manya inda ba a bin mutum da waya. Cibiyoyi da yawa yanzu sukan fara shiri tun yana shekara 12 zuwa 14: ya faɗi sunayen magungunansa da bakinsa, ya ga likita shi kaɗai na ɗan lokaci, ya koyi karɓo magani kafin ya ƙare. A ra'ayin wannan maƙala, takardar miƙawa ba ta isa ba. Bai kamata asibitin yara ya rufe fayil ba sai ya tabbatar matashin ya halarci asibitin manya kuma wani ya karɓi nauyinsa da suna.

Abin da ya shafi mai karatu a gida

Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta amince da mutuwar ƙwaƙwalwa a matsayin mutuwa a zamanta na Amman a 1986, sannan a Jidda a 1988 ta halatta ɗaukar gaɓa daga mamaci da izininsa ko na magadansa, ta haramta sayarwa. Ta fuskar aiki, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002, kuma masu dashen ƙoda irin waɗannan magunguna suke sha, don haka akwai likitocin da suka san sarrafa su. Yaron da aka yi wa dashe a waje aka dawo da shi gida zai tarar da tarin fuka, zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda. Ba a yi masa rigakafi mai ɗauke da rayayyar ƙwaya, irin na ƙyanda, na shawara da ɗigon shan inna da ake bi gida gida, kuma ko 'yan'uwansa za a ɗiga wa sai an nemi shawarar likitansa. Saboda haka duk iyalin da ke shirin irin wannan tafiya, da likitan da ke rubuta musu takarda, su tabbatar tun kafin a tashi sun san ɗakin gwajin da zai riƙa auna tacrolimus, inda maganin zai riƙa fitowa ba yankewa, da sunan likitan da zai karɓi yaron ranar da ya sauka.